Takobin da aka ce daga Bama ya zo

Ranar wata Lahadi na sayi takobin, a kasuwar tsofaffin kayan yaƙi da ake ci lokaci-lokaci a gefen Birmingham. Ban fita da niyyar sayen komai ba. Wani abokin aikina mai tara lambobin yabo na sojojin da ne ya ja ni, ni kuma na bi shi don kada in wuni a ɗaki ina kallon yayyafi ta taga. Muna zagayawa sai na hango shi a kan wani tebur, tsakanin hulunan kwano da tsofaffin butocin soja. Siriri ne mai ɗan lanƙwasa, kubensa na ƙarfe yana ƙyalli, mariƙinsa baƙi an naɗe shi da waya. Mai teburin ya ga na ja birki. Ya ce takobin hafsan sojan Japan ne, wani sojan Ingila ya zo da shi daga ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Kalmar Bama ce ta kama ni. Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, yana cikin rundunar Afirka ta Yamma ta 81, wadda ta yi kwarin Kaladan a 1944, kuma ni a Zariya na tashi, inda har yau sunan barikin Chindit yake tuna wa mutane wancan yaƙi. Muna yara yakan ba mu labarin hafsoshin Japan da suke fitowa a gaban mutanensu da takobi tsirara. Shi bai dawo da takobi ba. Abin da ya dawo da shi bargo ne, da buta, da wani tari da bai rabu da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Na taya, mai tebur ya yi mini irin tasu albarkar, na ƙara, muka daidaita a fam 260. Har na juya sai ya kira ni ya miƙo mini wata leda, ya ce wannan guntuwar fatar tare suka zo. Na cusa ta a aljihun kwat, na manta da ita. Cinikin biri a sama na yi, domin a ranar ko sunan ɓangarorin takobin Japan ban sani ba.

Da na isa gida na kwance shi a kan teburin cin abinci, uwargida ta leƙo daga ƙofar kicin ta ce, "Maigida, wannan kuma fa? Ka tabbata ba 'yan sanda za ka jawo mana ba?" Na yi dariya, amma maganarta tana kan hanya. Tun 2008 dokar Ingila ta hana saye da sayar da lanƙwasasshen takobi wanda ruwansa ya kai santimita 50, sai fa in an ƙera shi kafin 1954, ko kuwa da hannu aka ƙera shi ta hanyar gargajiya. Ke nan sanin shekarunsa ya zame mini dole. In ya kasance na jabu ne da aka yi shekaranjiya, asarar kuɗin ita ce mai sauƙi.

Abin da na fara yi daidai ne, ko da yake sa'a ce ta sa. Na ɗauko tef na auna: santimita 91 yana cikin kube, ruwan shi kaɗai 74. Na shimfiɗa farin zani kusa da taga na ɗauki hotonsa ta kowace fuska, daga tsini har kan mariƙi. Kuben zobe ɗaya gare shi na ratayawa. Makarin hannun na tagulla ne, an huda shi da zanen furanni, ya zagayo ya haɗe da kan mariƙi kamar na takubban Turawa. A bayan mariƙin akwai wani dogon ƙarfe da ya rufe shi daga sama har ƙasa, yana da kunnuwa biyu da suka rungumi mariƙin ta tsakiya. Na shiga intanet na kwatanta, na ga kamarsa ɗaya sak da takobin faretin hafsoshin soja na tsarin 1886. Na kwana da murna.

Abin da na yi washegari shi ne wauta. Na ga tagullar ta dushe, sai na ɗauko man goge tagulla da tsumma na hau gefen makarin hannu. Wurin ya yi fes, amma da na duba tsumman sai na ga wani ɗan rawaya-rawaya a jiki. Ragowar ruwan zinarin da aka yi wa tagullar tun asali ne na share. Bai ishe ni ba. Na karanta cewa maƙeran Japan suna sa hannu a wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin mariƙi, don haka na ɗauko filaya na kama notin da ke kan mariƙin na murɗa. Ko motsi bai yi ba. Filayar ta zame ta bar masa ƙujewa biyu. Garin neman gira na kusa rasa ido, sai na mayar da kayan aikina cikin akwati na kira abokin nan nawa.

Shi ya haɗa ni da wani dattijo Bature da ya shafe fiye da shekara 40 yana tara takubban Japan na bayan zamanin samurai, wato mayaƙan gargajiya na Japan. Gidansa ƙarami ne, amma ɗakin baya cike yake da su, kowanne da kati ɗaure a zobensa. Ya sa safar hannu ta auduga, ya karɓi nawa, ya juya shi sau ɗaya. Idonsa ya sauka a kan notin. Bai ce komai ba, ya dai ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ni kuma na sunkuyar da kai kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Daga nan ya miƙo mini madubin ƙara girma, ya nuna furen da ke kan kunnen ƙarfen bayan mariƙi, ya ce, "Samari, ƙirga mini ganyen wannan furen."

Na ƙirga, biyar. Ya tashi ya ɗauko wani takobi daga bango ya ajiye kusa da nawa, ya ce in ƙirga nasa. Wannan goma ne, biyar a sama, wasu biyar suna leƙowa ta ƙarƙashinsu. Duka biyun furen sakura ne, wato furen itacen ceri na Japan, amma mai ninki biyu shi ne na sojan ƙasa, mai biyar tak kuwa a takubban 'yan sanda ake samunsa. Ya ce wannan ita ce ƙirgar farko da duk mai tara irin waɗannan takubba yake yi kafin ya sa hannu a aljihu, domin daga nesa ba mai iya rarrabe su. Shagunan da suke yi wa soja su ne suke yi wa 'yan sanda, kuma tsarin duk daga takubban Turai aka kwaikwayo shi. Kama da wane dai ba ta wane ba.

Sai ya juya bayan mariƙin ya sa yatsa a kan wani ɗan tambari da na ɗauka ado ne kawai. Rana ce mai tsirkiyoyi, an tattara su sun yi kusurwa biyar. Japanawa suna ce mata asahikage, wato hasken rana mai fitowa, kuma har gobe ita ce a goshin hular ɗan sandan Japan. Ya ce a tsofaffin takubba akan ga mai kusurwa biyar irin tawa, akan kuma ga mai tsirkiyoyi 16, duk na 'yan sanda ne. Yawan adon ƙarfen bayan kuma yana bin muƙami. Na ƙaramin ɗan sanda, wanda suke kira junsa, kusan sumul yake, tambarin kaɗai gare shi. Na manya an cika shi da zane tun daga sama har ƙasa. Nawa yana da zane a sama da kunnuwa, ƙasan kuwa babu, don haka ya ajiye shi a tsaka-tsaki, wajen masu muƙamin keibu ko na ƙasa da shi kaɗan, kwatankwacin sufeto.

Kafin mu wuce ya nuna mini 'yan'uwan tambarin, don kada gaba in sake ruɗewa. A wancan zamani ma'aikatan gwamnati da yawa suna rataya takobi da kakinsu. Na gwamnatin mulkin Japan a Koriya, daga 1910 zuwa 1945, ganye da furen itacen kiri ne a jiki. Na Taiwan, wadda suka riƙe tun 1895, alamar kusurwa uku-uku ce guda biyu a haɗe. Na jirgin ƙasa yana da ƙafar jirgi. Duk ƙirarsu kusan ɗaya, tambarin ne yake faɗin gidan da takobi ya fito.

Jikina ya yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Da daddare na kira ƙanin mahaifina a Zariya, wanda na riga na cika wa baki cewa na samo irin takobin da Baba Tsoho yake ba mu labari. Na ce, "Baffa, ashe ba na soja ba ne, na ɗan sanda ne." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗan nan, in da takobi yake yawo, ina sandar?" Muka yi dariya. Abin mamaki, tambayar tasa ita ce ta buɗe mini ƙofar farko ta sanin shekaru, domin 'yan sandan Japan na farko 'yan sanda ne na zahiri, sanda suke riƙewa.

Ga yadda abin yake. Bayan juyin 1868 da ya mayar da mulki hannun Sarki Meiji, an zuba masu sintiri 3,000 a Tokyo a 1871, yawancinsu tsofaffin samurai daga Satsuma, wani yanki a kudancin Japan, aka ba su sanduna. Wani mutumin Satsuma, Kawaji Toshiyoshi, ya je Turai ya ga yadda ake aikin, musamman a Faransa, ya dawo ya kafa hedikwatar 'yan sandan Tokyo a 1874. A lokacin manya kaɗai ke rataya takobi. A 1876 aka yi dokar da ta hana kowa yawo da takobi in ban da soja, da 'yan sanda, da masu kayan fada. Shekara ɗaya bayan haka wani babban jagoran samurai, Saigo Takamori, ya yi tawaye a Satsuma, kuma a fafatawar Tabaruzaka, da mayaƙansa suka addabi sojan gwamnati da sara, daga cikin 'yan sanda aka zaɓo gwanayen takobi aka tura musu. Wannan ya ɗaga darajar takobi a aikin. Tsakanin ƙarshen 1882 da 1883 aka ba kowane ɗan sanda izinin ratayawa, har mafi ƙanƙanta. Irinsa ne wani ɗan sanda mai suna Tsuda Sanzo ya zare a garin Otsu a 1891 ya sari yariman Rasha, wanda daga baya ya zama Sarki Nicholas na Biyu, alhali an ajiye shi a bakin hanya ne don ya tsare shi.

Ƙofar ƙarshe ba ta da wahala. Sojan ƙasa sun bar ƙirar Turawa a 1934 sun koma ga siffar takobin kakanninsu, amma 'yan sanda sun ci gaba da nasu har yaƙi ya ƙare. A 1946, ƙarƙashin mamayar sojojin ƙawance, aka karɓe takubban aka mayar musu da kulki. Saboda haka duk takobin ɗan sandan Japan na gaske an ƙera shi kafin 1946, kuma wannan kaɗai ya raba ni da fargabar uwargida, in dai na gasken ne. Sai dai tsakanin farkon shekarun 1880 da 1946 akwai sama da shekara 60, da sarakuna uku. Dattijon ya ce takubban nan ba safai suke ɗauke da kwanan wata ba. Aikin shi ne a yi ta rufe ƙofofi har a matse shi a ɗaki ɗaya.

Zuwana na biyu muka zauna a kan ruwan takobin. A gefen kaifinsa akwai wani farin layi mai hawa da sauka kamar igiyar ruwa, wanda ni na ɗauka shaidar aikin maƙerin gargajiya ce. A takobin Japan na asali wannan layi, hamon, yana fitowa ne daga yadda ake shafa wa ƙarfe yumɓu, a gasa shi, a tsoma a ruwa, gefen kaifi ya fi sauran tauri. Ya ɗauko wani tsohon ruwa na gaske ya ce in miƙa tsininsa wajen fitila in kalle shi a karkace. Layin ya taso daga cikin ƙarfen kamar hazo, da ƙananan ƙyalƙyali a bakinsa, kuma babu tudu biyu da suka yi kama da juna. Na yi wa nawa haka, sai na ga layin a kwance yake a sama kamar fenti, tudun farko da na biyar da na tara duk ɗaya. Da ruwan asid aka zana shi. Na shafa babban yatsa a kaifin a hankali, ko takarda ba zai yanka ba. Ruwan inji ne, an shafe shi da farin ƙarfe, an yi shi don a gani a ƙugu.

Ya ce ba duka ne haka ba. Wasu manyan jami'ai sukan kai tsohon ruwan gidansu a sa masa mariƙi da kube irin na aiki, kuma waɗannan su ne masu tsada. Alamarsu ita ce 'yar ƙusar gora ko ta ƙarfe da ta ratsa mariƙin ta gefe, wadda in an ture ta mariƙin yake zamewa a ga wutsiyar. Ko a nan ɗin, in ji shi, ba a goge tsatsar wutsiya, domin launinta yana cikin abin da ake karanta shekaru da shi. Nawa ba shi da ƙusar. Wutsiyarsa siririya ce mai zare, noti ya ɗaure ta a sama, kuma babu abin da ke ciki da ya cancanci filayata. Ya kuma tabbatar mini ba na jabu ba ne. Na jabu zanen tagullarsu a cushe yake kamar an zuba a ƙasa, sukan cika ruwan da manyan rubutun Japan marasa ma'ana, kuma wayar mariƙinsu sabuwa ce fil. Tawa ta lafe a cikin ramukanta, ta yi baƙi a inda yatsu ba sa kaiwa.

Gwajin da ya fi burge ni ba ya bukatar komai sai farar takarda da hasken rana. Ya ɗora kuben da ruwan a kan takardar kusa da taga, ya ce in faɗi launin kowanne. Na ce ai duk farare ne. Ya ce in ƙara dubawa. Can sai idona ya buɗe: kuben yana da ɗan ɗumi, farinsa ya karkata wajen rawaya, ya kuma dushe a wurare, shi kuwa ruwan farinsa mai sanyi ne, yana ɗaukar shuɗi-shuɗi kamar bambar tsohuwar mota. Na farko shafen nikel ne, na biyu kurom. Nikel an daɗe ana shafe da shi tun ƙarni na 19, don haka ba ya rufe wata ƙofa. Kurom kuwa sai a tsakiyar shekarun 1920 aka gano yadda za a yi shi a masana'anta, bai kuma yaɗu ba sai ƙarshensu. Duk ruwan da ke da kurom, an shafe shi ne daga wajen nan zuwa gaba.

Na yi tsalle na ce shi ke nan mun samu. Ya ɗaga hannu. Ya ce abin da muka samu shekarun shafen ne. Mai takobi yana iya mayar da shi shago a sake shafe masa ruwa bayan shekara goma yana aiki da shi, kuma kube yana iya zama na wani takobin daban, tunda a tarin da aka yi bayan yaƙi an cakuɗa da yawa. Muka nemi lambobin haɗi. A ƙarƙashin makarin hannu, inda yatsa ba ya gogewa, akwai 'yar lamba 27 da aka buga, kuma a bakin kuben, da ƙyar da tocila, muka ga 27 ɗin. Tare suka fito daga shago. Kusa da lambar akwai wata alama ƙarama mai siffar molon Turawa mai tsirkiya da yawa, tambarin shagon Suya na Tokyo, ɗaya daga cikin sanannun masu yi wa hafsoshi da jami'ai takubba da kayan kaki. Shagon ya daɗe yana aiki, don haka tambarin ya gaya mana inda aka yi shi, bai gaya mana yaushe ba.

Ta ɗaya gefen kuma tagullar ce ta yi magana. Daga 1937, da yaƙi da Sin ya ɓarke, gwamnatin Japan ta fara taƙaita amfani da jan ƙarfe, a 1941 kuma ta yi dokar tattara ƙarafa daga hannun jama'a. Ana ganin wannan ƙarara a takobin sajan-sajan na soja na tsarin 1935, wanda ya fara da mariƙin jan ƙarfe, ya koma alminiyam, ya ƙare da katako. Tagullar nawa mai kauri ce, zanenta ya fita tsaf, ga ruwan zinari a lungunan da tsummana bai kai ba. Mariƙin kuma ƙaho ne, ana ganin zarensa a ƙarƙashin madubi. Dattijon ya ce wannan ba aikin shekarun ƙunci ba ne. A ganinsa an yi shi tsakanin shekarun 1920 da wajen 1937.

A nan muka tsaya har kusan wata biyu, sai ranar da sanyi ya dawo na ɗauko kwat ɗin nan na ji leda a aljihu. Maratayin takobin ne. Ba kamar hamilarmu da ake saɓawa a kafaɗa ba, wannan guntuwar baƙar fata ce mai ƙugiya, ana maƙala ta a bel. Ta bushe ta yi tauri. Da na buɗe ta a hankali sai ga rubutun tawada a cikinta, ya kusa shuɗewa. Akwai wata Bajapaniya a wurin aikinmu, mai kirki, na kai mata hoton a lokacin hutun rana. Ta daɗe tana kallo, ta juya wayar, sannan ta yi dariya ta ce ta fara karantawa ne daga hagu, shi ya sa ya ƙi ma'ana. Kafin yaƙi, in an yi rubutu a kwance, daga dama ake farawa. Layin farko ya ce lardin Okayama, kuma harafin da ke nufin lardi tsohon ne mai yawan zane, wanda aka sauƙaƙa a gyaran rubutun da aka yi bayan yaƙi. Sai sunan mutum, wanda na bar wa kaina. Sai kuma haruffan da suka ce Showa, shekara ta tara.

Ta koya mini lissafin a bayan takardar shayi. Japanawa suna ƙirga shekara da zamanin sarki. In ka ga Meiji ka ƙara 1867, in Taisho ne ka ƙara 1911, in Showa ne ka ƙara 1925. Showa ta tara ke nan 1934. Ta ce kakarta takan ba su labarin yadda yara suke watsewa in sun ji ƙarar kube yana bugun ƙafar ɗan sanda daga kan kwana, da tsawar nan tasu ta "oi, kora", wadda asalinta maganar mutanen Satsuma ce ta kiran mutum, amma a bakin 'yan sanda ta zama abin firgita. Ƙa'idar zare takobin tana da tsauri ƙwarai, don haka yawancinsu sun gama aikinsu ba su taɓa fitar da shi a kan kowa ba. Ƙarar ce take aikin.

Na koma wa dattijon ina ta rawar jiki da 1934 ɗina. Ya karanta fassarar, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, mun san shekarar da wani ya rubuta sunansa a jikin fata. Fata takan tsinke a sake wata, kuma ba mu da shaidar cewa ledar da takobin ba a kan tebur suka fara haɗuwa ba. Sai ya ɗauki ƙugiyar ya maƙala a zoben kuben. A cikin zoben akwai wani ɗan rami da gugar shekaru ta ci, ƙugiyar kuwa ta zauna a cikinsa daram, ita ma ta cinye a daidai wurin. Ya yi murmushi a karon farko tun da na san shi. Ya ce yanzu ya yarda sun daɗe tare, kuma shekarar ta faɗa a tsakiyar ɗakin da muka riga muka matse shi.

Okayama ce ta warware maganar Bama. 'Yan sandan farar hula a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida suke. Waɗanda mutanen Bama da fursunonin yaƙi suka sani, Kempeitai, 'yan sandan soja ne, takobin soja suke ratayawa. Amma daga farkon 1946 rundunar mamaya ta ƙasashen Kwamanwel, mai sojojin Birtaniya da Indiya da Ostareliya da New Zealand, ta sauka a Japan da hedikwata a Kure, kuma yankin da aka ba ta ya haɗa da Hiroshima, Yamaguchi, Shimane, Tottori, tsibirin Shikoku, da Okayama. Shekarar da aka karɓe takubban 'yan sanda ke nan, a lardin da sojojin Ingila suke zaune. Hanya mafi kusa daga ƙugun sufeton nan zuwa wani soro a Ingila ta nan ta bi. Ba na zargin mai teburin da ƙarya. Mai yiwuwa sojan da ya kawo shi ya yi Bama kafin a tura shi Japan, jikoki kuma suka haɗe labarin biyu ya zama ɗaya, kamar yadda mu ma muke yi da labaran Baba Tsoho.

Yanzu yana rataye a ɗakin karatuna, nesa da hannun yara. Ba na sa masa komai sai ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi sau biyu a shekara, tagullar kuma na bar ta da duhunta. Baffa ya ce in na zo gida in taho masa da hoto babba, yana so ya nuna wa wani abokinsa tsohon ɗan doka. Uwargida kuwa har yau takan tuna mini cewa ita ta fara faɗa, tun daga ƙofar kicin, cewa 'yan sanda na kawo mata gida.

Dattijon ya ba ni kati irin nasa na ɗaura a zoben. Na rubuta: takobin jami'in 'yan sandan Japan mai matsakaicin muƙami, fure mai ganye biyar, tambarin rana mai kusurwa biyar, aikin shagon Suya na Tokyo, ruwan inji mai shafen kurom, kube mai shafen nikel, lamba 27 a duka biyun, an ƙera shi tsakanin shekarun 1920 da wajen 1937, yana aiki a lardin Okayama a 1934. A ƙasan katin na ƙara layi ɗaya da ƙaramin rubutu, cewa ƙujewa biyun da ke kan noti da farin tabon gefen makarin hannu aikina ne, don kada wanda zai gaje shi ya ɗora wa sufeton Okayama.